Gefen Mai Zaman Banza

Sufeto ba ta kai ga kurɓar shayinta ba wayar tebur ta yi ƙara. Mota ta buge wani dattijo a bakin titi, gaban babban shagon magani, kuma rai ya yi halinsa. Ta ture kofin gefe ta ɗauki hularta.

A ofishin 'yan sandan, Ba-Sani-Ba-Sabo ake ce mata, amma a bayan idonta. Mace ce 'yar siririya marar yawan magana, wadda idan ta kafe mutum da ido sai ya fara tuno laifin da ya yi tun yana firamare. Ba ta tsawa, ba ta buga tebur. Tambaya kawai take yi, ta zauna ta jira, kuma jiran nan nata ya fi mari zafi.

Ta tarar da taro ya cika titi. An lulluɓe gawar, ga jakar mamacin a yashe, ƙananan sukurdireba da maɗauran agogo sun watse a ƙasa. Mai gyaran agogo ne, kowa a layin ya san shi.

Saje ne ya tare ta ya sara mata. Shi ne direban motar sintiri, dattijo mai igiya uku a hannun riga, ritaya na leƙo shi. Shi ya koya mata tuƙi tun tana kurtu, ya kuma sha ƙwala mata biro a bayan hannu duk lokacin da ta kai hannun ga rediyo mota na tafiya. Har gobe Baba take kiransa.

"Baba Saje, me ya faru?"

"Ranki ya daɗe, mutane sun rufar wa direban motar burodin can, sun ce waya ce a hannunsa. Da ban jefa shi cikin motarmu na kulle ba, da gawa biyu za ki tarar."

Ba a daɗe da kafa sabuwar dokar ba. Duk wanda aka kama da waya a hannu yana tuƙi, lasisinsa ya tafi. Idan kuwa ya kashe rai, gidan yari ne na shekaru, babu zancen tara. Mutane sun gaji da binne 'yan uwansu, shi ya sa da an ce waya sai ido ya rufe.

Ta juya ga abokin sintirin Saje. "Kai fa, Kofur?"

"Kamar yadda Saje ya faɗa, ranki ya daɗe."

Rana ba ta yi zafi ba tukuna, amma rigar Kofur ta jiƙe sharkaf kamar wanda ya yi tsere. Sufeto ta dube shi, ta wuce.

Shaidu kuwa, ga su nan birjik. Kowa ya gani da idonsa. Sai da ta ware su ɗaya bayan ɗaya ta gane kowa ƙarar ya ji, sannan ya fito daga shago ya ga direban burodi durƙushe a kan dattijon, jini a rigarsa, waya a kunnensa.

Ta zagaya motar burodin a hankali, tana shafa gabanta da tafin hannu. Ko ƙwarzane babu. A gefen kwalta kuma ta tsinci ɓaraguzan robar fitilar sigina, ruwan lemo, alhali fitilun motar burodi lafiyarsu ƙalau. Ta ƙulle su a hankici ta sa a aljihu.

Motar sintiri tana can an faka ta manne da katanga. Sufeto ta wuce ta ko waiwaye ba ta yi ba. Wa ke binciken motar 'yan sanda?

A ɗakin tambayoyi, direban burodi ya zauna a bakin kujera, hannayensa tsakanin cinyoyi. Magidanci ne, furfura ta fara tsattsafo masa a gemu.

"Kai ka buge shi?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"To wa?"

"Ban gani ba, ranki ya daɗe. Na karyo kwana na gan shi kwance, sai na tsaya."

"Wayar fa?"

"Motar asibiti nake kira. Ina tuƙi ba ta fita daga aljihuna. 'Ya'yana biyar, da lasisin nan nake ciyar da su."

Ta duba wayar. Tun wayewar gari kira ɗaya ne ya fita daga cikinta, kuma na motar asibiti ne. Babu saƙo, babu komai.

"Wace mota ce a gabanka kafin ka karyo kwanar?"

Daidai lokacin Saje ya gifta ta bakin taga da makullai a hannu. Direban ya bi shi da ido, ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

"Ban lura ba," ya ce a hankali.

Ƙarya yake yi, Sufeto ta sani. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, mutum yakan yi ƙarya don ya kuɓuta, wannan kuwa ƙaryarsa ƙara nutsar da shi take yi.

Tana fitowa Oga ya kira ta ofishinsa. Shi ne shugaban ofishin, mutum ne mai son a ga aiki, musamman idan akwai kyamara a kusa.

"Gobe da safe 'yan jarida za su zo," ya ce. "Wannan ne na farko da zai ɗanɗana sabuwar doka. Ki rufe fayil a kai shi kotu."

"Yallabai, motarsa ba ta taɓa kowa ba."

"Jama'a sun gan shi da waya."

"Jama'a sun gan shi yana neman taimako. Idan muka ɗaure shi, gobe wa zai ƙara tsayawa in ya ga mutum kwance a titi?"

Oga ya tsuke baki. "Kina da zuwa gobe. In ba ki kawo min wani ba, shi ne."

A asibiti likita ya nuna mata inda ƙarfe ya sami dattijon. A ƙugu ne, ta gefe, kamar an share shi. Ya faɗi kansa ya bugi dakalin gefen titi, wannan ne ajalinsa.

A baranda ta sami 'yar mamacin zaune, idanunta sun kumbura. Sufeto ta zauna kusa da ita ta yi mata gaisuwa, sannan ta tambaya ko mahaifinta yakan tsallaka titi a wurin.

"Baba? Ina! Ko da titi wayam yake sai ya taka har inda aka ja farin layi. Muna yi masa tsiya, mu ce agogon mutane ya koya masa bin ƙa'ida. A wurin nan bas yake jira, kullum a tsaye a gefe." Ta share hawaye da bakin mayafi. "An ce an kama wanda ya yi. Shi ne?"

"Ban tabbatar ba tukuna."

"To don Allah ki tabbatar. Baba ba zai so a zalunci wani da sunansa ba."

Ke nan ba dattijon ne ya shiga gaban mota ba. Motar ce ta bar hanyarta ta je ta same shi inda yake tsaye, kuma babu sawun birki ko ɗaya a kwalta. Direban da bai taka birki ba, bai ga abin da ke gabansa ba.

Da ta dawo ofis ta biya garejin baya don a duba mata tayar motarta. Makanike yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya ji muryarta ya turo kansa waje yana dariya.

"Ranki ya daɗe, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Ashe gwani ma yana faɗuwa! Baba Saje da kansa ya goga mota a jikin ƙofa."

"Wace ƙofa?"

"Ta gidan mai, in ji shi. Fitilar sigina ta fashe, na sa masa sabuwa ɗazu. Ya ce kar in faɗa wa yara su raina shi."

"Ta wane gefe?"

"Gefen mai zaman banza."

Haka direbobi ke kiran kujerar gaba ta kusa da direba. Sufeto ta ce ya kawo mata tsohuwar fitilar. Ya tono ta daga kwandon shara. Ta kwance hankicinta a kan murfin mota, ta ɗauki ɓarin da ya fi girma ta kara shi a gurbin da ya fashe. Ya zauna daram.

Dariyar Makanike ta ɗauke. Sufeto ta sake ƙulle ɓaraguzan a hankici. Ta fi son a ce kowa ne a duniya ban da mutumin nan.

Amma fitila ba ta faɗin dalili. Saje bai taɓa ko taka kaza ba tunda ya fara tuƙi. Me zai sa mota ta kufce masa a miƙaƙƙen titi da safe?

Ta shiga ofishinta ta rufe ƙofa, ta buɗe zauren saƙonni na ofis a wayarta.

Akwai wata ƙa'ida da Oga ya kafa tun lokacin da ya kama wasu 'yan sintiri suna sharar barci a gindin bishiya. Kowace mota tana da wayar aiki, kuma duk inda ta wuce cikin wuraren da aka zayyana, sai an ɗauki hoto an tura zauren don shaida an je. Na gefen mai zaman banza ne ke ɗauka ta tagarsa, direba ba ya taɓa waya. Hotuna ne da ba wanda ke kallo. Oga yakan ga sun shigo ne kawai ya gyaɗa kai.

Shagon magani yana cikin wuraren. Ga hoton safiyar nan ya shigo kamar kullum, an ɗauke shi ta tagar Kofur, ya ɗan karkace. A can gefensa ga dattijo tsaye da jakarsa a hannu, yana kallon inda bas ke fitowa, da ransa da lafiyarsa.

Sufeto ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton.

Gaban shagon gilashi ne tun daga sama har ƙasa, kuma gilashin ya haska motar sintiri tana wucewa. Kujerar Kofur ba kowa. Mutum ɗaya ne a motar, ya kwanto daga kan sitiyari ya miƙo hannu har bakin taga da waya, fuskarsa na kallon shago. A hannun rigar ana iya ƙirga igiya uku.

Ta koma baya ta duba hotunan makonnin da suka wuce. A wasu ranaku Kofur ne a gilashin, zaune daidai. A wasu kuma wannan miƙaƙƙen hannun ne.

Ta sa aka kira mata Kofur.

"Wa ya ɗauki hoton shagon magani yau?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Kana zaune a kujerarka?"

"Ƙwarai."

"Igiya nawa gare ka, Kofur?"

Ya dubi hannun rigarsa kamar yau ya fara ganinta. "Biyu."

Ta juya masa wayar ta tura gabansa, ta harɗe hannu ta jira. Bai jure ba. Ya dafa tebur.

"Mahaifiyata ce," ya ce. "Wankin ƙoda ake yi mata. Ba ta iya hawa matakalar asibiti, ni nake goya ta. Na nemi a canza min aikin safe, aka ce in zaɓa, ko aiki ko jinya. Sai Baba Saje ya ce in bar masa. Yakan sauke ni a asibiti, ya zaga shi kaɗai, ya dawo ya ɗauke ni. Hoton kuma yana ɗauka ta gefena don kar a gane ba na ciki."

"Yau fa?"

"Ya kira ni ya ce in zo da gudu. Na zo na tarar an rufe gawa." Hawaye ya zubo masa. "Ranki ya daɗe, ki rubuta ni ne. Saboda ni ya yi. Ritaya ta kusa, kar ya ƙare a gidan yari."

"Ka yi ƙarya ɗaya mutumin kirki ya yini a kulle. So kake ka ƙara ta biyu?" Ta ja numfashi. "Naka laifin barin aiki ne, kuma za ka amsa shi. Zan rubuta dalilinka yadda yake, har da amsar da aka ba ka lokacin da ka nemi canji. Tashi ka je."

Da la'asar ta sami Saje a bayan gareji. Ya cire hula yana wanke motar sintiri da soso, abin da yaran ofis ke yi amma bai taɓa yarda wani ya yi masa ba. Ya ga fuskarta, ya ga wayar a hannunta. Ya ajiye soso cikin bokiti ya goge hannu a wando.

"Kin gani ke nan," ya ce.

"Na gani, Baba."

"Na san za ki gani. Da wani aka ba aikin, da wataƙila na sha." Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Da farko tsayawa nake yi cak, in ɗauka, in wuce. Daga baya sai na ce haba, ni da titin nan, ko ido rufe na bi shi. Sai na riƙa ɗauka ina tafe. Yau na miƙa, jikina ya ja sitiyarin ban sani ba. Ƙarar kawai na ji."

"Ka tsaya?"

"Na gota gaba kaɗan na tsaya. Kafin ƙafafuna su ɗauke ni in fito, mai burodi ya riga ya durƙusa a kansa. Mutane suka fito suka yi kansa da duka. Na kutsa na ƙwace shi, wannan kam da gaskiya na yi. A nan ya kamata in ɗaga murya in ce ni ne." Ya girgiza kai. "Bakina ya ƙi buɗuwa, 'yata. Na ce bari taro ya watse. Taro ya watse, na ce bari mu isa ofis. Muka isa ofis, sai na tsinci kaina a wurin Makanike ina shirga ƙarya da furfurata."

"Gobe za a kai shi kotu a gaban 'yan jarida."

"Na ji."

"Da ka bari?"

"Ina so in ce miki a'a," ya ce. "Amma tun safe nake cewa yanzu zan faɗa, ga shi rana ta kusa faɗuwa. Ban sani ba. Gara da kika zo."

Sufeto ta kawar da kai ta dubi katanga. Wannan mutumin ne ya tsaya mata lokacin da maza ke cewa mace ba ta iya aikin titi. Ta ƙaunace shi kamar uba, kuma ba ta daina ba a wannan lokacin. Amma akwai dattijo a ɗakin ajiye gawa, akwai mai 'ya'ya biyar kulle a bayan kanta.

"Saje," ta ce, "na kama ka da laifin tuƙi da waya a hannu wanda ya jawo asarar rai, da kuma ɓoye shaida."

Ya miƙe ya ƙame ya sara mata, irin sarawar da ba a koya wa 'yan yanzu. Ya ciro makullin mota ya ɗora a tafin hannunta.

"Alfarma ɗaya nake nema. Ni na kulle bawan Allahn nan. Ki bari in buɗe masa da hannuna."

Oga ya so a rufa maganar a cikin gida, ya ce mutuncin kaki ne. Sufeto ta ajiye masa hoton da ɓaraguzan fitila a kan tebur.

"Yallabai, ka ce in kawo maka wani, ga shi na kawo. Dokar ba ta ce ban da masu kaki ba."

Oga ya sa hannu a takardar tuhumar.

Labari ya riga ya zaga ofis. 'Yan sanda sun yi cirko-cirko a baranda, wasu sun sunkuyar da kai. Saje ya ratsa su shi da Sufeto har ƙofar sel ɗin da aka kulle direban. Ya karɓi makulli daga hannun mai gadi ya buɗe.

Direban burodi ya miƙe a firgice ya ja da baya.

"Fito, malam," in ji Saje. "Ba kai ba ne. Ni na buge shi, ni kuma na bari aka ɗora maka. Ka yafe min in za ka iya."

Direban ya dube shi, ya dubi Sufeto, kamar yana jiran a ce wasa ne.

"Ai na sani," ya ce a hankali. "Ina bayanka. A idona aka yi."

Sufeto ta matso. "To me ya hana ka faɗa min?"

"Ranki ya daɗe, a ofishin 'yan sanda nake, ɗan sanda ya kawo ni, 'yar sanda ke tambayata. In ce motarku ce, wa zai yarda?" Ya dubi Saje. "Kuma shi ya cire ni daga hannun mutane, ya kare ni da bayansa, duka na sauka a kansa. Na rasa yadda zan yi da shi. Na riga na fara tunanin wanda zan bar wa yarana."

Saje ya runtse ido, hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa.

Sufeto ta ɗauko wayar direban da lasisinsa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka je gida, malam. Gobe in ka ga wani kwance a titi, don Allah ka sake tsayawa."

Ya karɓa ya rungume su a ƙirji, ya matsa gefe ya ba da hanya. Saje ya kwance bel ɗinsa ya ba mai gadi, ya shiga ya zauna a kan bencin da mutumin ya tashi.

Mai gadi ya tsaya riƙe da ƙofa, ya kasa turawa. Sufeto ta karɓi makullin daga hannunsa ta kulle da kanta.